Ƙasar da Na Kai wa Baba

Na san abin da kuka jiyo a wurin bikin jikar Yaya Sule. Babu wanda ya faɗa mini a cikinku, amma na ga yadda kuka dawo kuna kallon lambu a kaikaice, kuma uwarku, Allah ya sani, ba ta taɓa iya kwana da magana a ciki ba. An ce muku ni na watsa gidan mahaifinmu. Wai na je na ga fadama mai kyau, idona ya rufe, na dawo na gaya wa tsoho makaho cewa ƙasar banza ce, don 'yan'uwana su kama gabansu su bar mini ita ni kaɗai. Na daɗe ina jin wannan magana a bakin duniya ban tanka ba, domin waɗanda suka fara ta 'yan'uwana ne, kuma sun sha wahalar da ta isa su faɗi abin da ya fi haka. Yanzu sun riga mu gidan gaskiya, maganar kuwa ta ƙi bin su. To, ga yadda aka yi, ku ji daga bakina tun ina da sauran numfashi.

A Rafin Maje aka haife mu, wata 'yar tunga a cikin dajin Birnin Gwari, wadda yanzu ko kufanta ba za ku gane ba. Gidajen ba su da yawa, namu ne babba. Mutanen tungar suna noman dawa da doya kamar kowa, mu ma muna yi, amma abin da aka san mu da shi albasa ce. Babanmu, Malam Idi, ya gaji lambun daga mahaifinsa, ya gaji irin ma, wata jar albasa mai ƙarfi da ke kaiwa damina ba ta ruɓe ba. A gandu ɗaya muke, wato gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya: Yaya Sule da matarsa da 'ya'yansa, ni da matata Hajara, ƙanenmu Mamman da bai daɗe da aure ba, sai Baba da Inna a kan kowa. Kuma kowa ya san abin da ya riƙe mu wuri guda. Ba son juna ba ne kaɗai, don Yaya Sule da Mamman ko goro ba sa iya rabawa ba su yi gardama ba. Lambu ne. Aikin albasa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai wani yana jan ruwa da jigo, wani yana kora shi cikin fangali, wani yana kai kaya kasuwa. Don haka duk wanda zuciya ta ɗebe shi da safe, dole ya sauko kafin la'asar.

A shekarar da nake ba ku labari idon Baba ya riga ya tafi, irin ciwon nan da ke cin idon mutanen bakin rafi a hankali. Amma makantar ba ta sauke shi daga kan lambu ba. Yana zaune a gindin maje, da ƙarar jigo kawai zai san wanda ke ja, ya kuma san wanda ke ha'inci. In za a buɗe sabon wuri, sai a kawo masa ƙasar a tafin hannu. Ya murza, ya shinshina, ya ɗibi kaɗan ya ɗora a harshe. In ya haɗiye yawu, a kama aiki. In ya tofar, komai kyan wurin an bar shi ke nan. Mu muna yi masa dariya a ɓoye, Inna kuwa a fili take yi.

"Malam, a zuba maka miya ko haka za ka ci?"

"Abin da ba za ka iya sa wa a bakinka ba, kada ka ba albasa," in ji shi. "Ita ba ta da ƙafar gudu."

Sai Turawa suka zo da maganar gandun daji. Wani Bature ya ratsa da malamin daji da 'yan ɗaukar kaya, suna sassaƙe jikin itatuwa suna shafa fenti. Muka ɗauka irin wasan wanda ya ƙoshi ne. Ba a daɗe ba dagaci ya tara magidanta ya ce duk wanda ya faɗa cikin iyaka zai tashi, an ba mu zuwa bayan kakar baɗi, kuma hukuma ta yanka mana wuri kusa da hanyar mota, gaba kaɗan da gari. Maƙwabtanmu suka yi ta tsaki, amma dawa ba ta da tsirfa, inda duk aka sa ta takan yi ƙoƙari. Mu ne abin ya zame wa tashin hankali, don in babu fadamar albasa babu gandu. Yaya Sule tuni idonsa yana kan wuraren haƙar zinariya, inda ake cewa leburori suna cin nama kullum. Mamman kuma surukansa na wajen Funtuwa suna ta jan ra'ayinsa. Baba da lambu ne kawai suka tare musu ƙofa.

Da bazara Yaya Sule ya bi mutanen tunga suka je ganin wurin. Sun tarar an sare shi, an tattara itatuwan an cinna musu wuta. A rabonmu akwai wata fadama shimfiɗaɗɗiya, wadda ido ba zai ƙi ba. Ya dawo da ƙasarta ƙulle a gefen riga, duk gidan muka taru a tsakar gida, har yara. Baba ya murza, ya shinshina, ya ɗora a harshe. Muka ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Wannan ta yi," ya ce. "Har gardi gare ta."

Ranar Inna ta yi dambu da man shanu. Ba ta kiran sunan Yaya Sule, tunda ɗan fari ne, amma ta yi ta cewa a ƙara wa yayanku, a ƙara wa yayanku, har shi da kansa ya ji kunya.

Cikin daminar nan Hajara ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ta haifa. Ba zan tsaya a kan wannan ba, don ko yanzu ba na iyawa. Ku dai sani kafin uwarku an yi wata, kuma mai yawan dariya ce. Da kaka ta yi, Baba ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sai wani ya riga mu zuwa sabon wurin, ya haƙa rijiya, ya kafa jigo, ya yi fangali, ya gwada albasa rani guda, don kada gida ya tashi ya tarar da fili fetal.

"Ɗanlami ya tafi," in ji Yaya Sule. "Shi ne ba shi da nauyi yanzu."

Bai faɗa da mugunta ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Baba ya raba iri ya ba ni kashi ƙarami a cikin 'yar gora. Na ɗora dagi da fartanya da guga da garin dawa a kan jaki, na kama hanya. Tafiyar wuni ce ga mai sauri.

Ku da kuka taso kuka ga unguwa a nan, da masallaci da masu shayi, ba za ku gane yadda wurin yake ba. Ni ne mutum na farko. Mutanen tunga babu wanda ya taso tukuna, kowa yana jiran ranar ƙarshe. Ga kututturai baƙaƙe, ga tofa ta fito har ƙugu, ga daji a baya. Na yi 'yar bukka a kan tudu. Motar kaya takan wuce jefi-jefi, in na jiyo ta daga nesa sai in ajiye dagi in tsaya, in ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu, in saurara har ƙarar ta ɓace, sannan in koma rami. Tuwo ma sai da ya ba ni wahala. Ba tuƙin ba, awon. Hannuna ya ƙi sanin garin mutum ɗaya, kullum sai in tuƙa na mutum biyu, in ci rabi, in zauna ina kallon sauran. Na yi kewar gida ƙwarai, har gardamar Yaya Sule da Mamman na yi marmari. Abokan hirata jaki ne da gwaggon birai da ke zama a kan dutse suna kallona ina aiki, su ma ba su taɓa cewa sannu ba.

Rijiyar ba ta yi zurfi ba ruwa ya fito, na yi murna. Da ya kwana sai na ga ya yi ja-ja kamar an jiƙa tsohuwar fartanya a ciki, da wani maiƙo a sama. Na ɗebi ƙasar gefen ramin na sa a harshe yadda na ga Baba yana yi. Ta ɗaure mini baki. Na tofar, na kuma yi wa kaina faɗa. Wane ni in ƙaryata harshen Baba? Na ce ai ni ban iya ba ne. Na gyara wuri na yafa iri, na rufe da ciyawa, ina ba shi ruwa safe da yamma. Ya tsiro gwanin sha'awa, ya miƙe kamar tsawon yatsa, daga nan ya tsaya. Kan lawashin ya fara yin ruwan ɗorawa, ya bushe yana gangarowa ƙasa. Na tuge ɗaya na duba, saiwar 'yar guntuwa, ta yi duhu, ba ta shiga ko'ina ba. Na ce ko ruwa ya yi yawa, na rage. Na ce ko rana ce, na yi rumfa. Na sake yafa sauran irin a wani gefe. Wanda ya rayu na dasa shi a fangali, ya zauna yadda na dasa shi, bai mutu ba, bai kuma yi gaba ba.

Da rani ya yi nisa wani Bafulatani, Buba, ya sauka da shanunsa a bakin fadamar. Na yi murna da shi kamar ɗan'uwana ne ya zo. Yakan zo da rana ya tsaya a kan sandarsa yana kallon fangalina.

"Kaɗo, wannan gashin jariri ne ka shuka?"

"Albasa ce, Buba."

"To Allah ya raya. Shanuna dai sun ƙi ruwanka, sai na kai su rafi."

Ya yi 'yan makonni ya tashi ya bi ruwa kudu. Bayan tafiyarsa na lura shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Kaɗo kawai yake cewa, kuma tun barina gida ban ji sunana a bakin kowa ba.

Wata safiya malamin gona ya biyo hanya a kan keke, wani saurayi ɗan Zariya mai ladabi, an turo shi duba wuraren da mutane za su sauka. Ya ga jigo ya ratso. Na ba shi ruwa, ya kalli ruwan, ya yi godiya ya ajiye. Na nuna masa albasar. Ya kwance wani ɗan akwati daga bayan keke, ya fito da kwalba da wani ɗan farin faranti mai ramuka irin na dara. Ya ce in haƙo masa ƙasa daga inda saiwa ke kwana, ba ta sama ba. Ya sa kamar ƙwayar gyaɗa a rami ɗaya, ya ɗiga ruwan kwalbar, ya jira kaɗan, ya karkata farantin. Ruwan da ya gangaro ya koma ja.

"Malam, ka ga wannan," ya ce. "In ya yi kore, ƙasa lafiya lau. In ya yi ruwan ɗorawa, da dama-dama. In ya yi ja, tsami ne ya yi mata yawa. Rogo zai yi a nan, dankali ma zai yi. Albasa kam ba ta shiri da tsami."

"Allah gafarta Malam, babu magani?"

"Akwai. Farar ƙasa ake zubawa, amma ina za ka same ta a nan? Toka ma tana yi. Sai dai ba tokar murhu ɗaya ba, ba kuma a shekara ɗaya ba."

Ya ga yadda fuskata ta yi. Ya tsiyaya mini ruwan kaɗan a wata 'yar kwalbar magani, ya ce in zagaya fadamar, wataƙila a sami gefen da ya fi. Na bi ta kusurwa-kusurwa da dagi da farar tasar da nake cin tuwo. In haƙa, in ɗiba, in ɗiga, in karkata. Ja. In wanke tasa in matsa gaba. Ja. Har addu'a nakan yi kafin in karkata, kamar ruwan kwalba zai ji tausayina. Sai a wuri ɗaya, da na gaji da haƙa na ɗebi ta sama, a inda aka tara itatuwa aka ƙona, ruwan ya yi kore shar. Na haƙa kamu ɗaya a wurin na sake gwadawa, ya koma ja. A nan na zauna a ƙasa, don na gane abin da ya faru. Yaya Sule ya zo ya tarar da fili an ƙone, ya sunkuya ya ɗebi abin da ke gabansa. A Rafin Maje ƙasar sama da ta ƙasa duk ɗaya ce, tun muna yara ba a taɓa cewa mu haƙa ba. Toka ya kai wa Baba, Baba kuwa ya faɗi gaskiyar abin da aka sa masa a baki.

Ina cikin wannan hali Inna ta zo. Ta biyo matan tunga da suka kawo kaya kasuwar gari, ta ratso da ƙunshin daddawa da kuka da ƙuli-ƙuli. Ina cikin rijiya na ji an ce "Ɗanlami" daga sama. Sai da na daɗe kafin na fito, don ban so ta ga idona. Ta ce na rame, ta ce bukkata ko akuya ba za ta yarda da ita ba, sannan ta gangara lambu. Matar da ta tsufa a gidan albasa ba ta bukatar kwalba. Ta bi fangalin nan ɗaya bayan ɗaya. Na nuna mata tasa da ruwan, na gaya mata maganar toka da inda Yaya Sule ya ɗiba. Ta zauna a kan kututture.

"Babanku ya ce in za ka dawo ka taho masa da ƙasa," ta ce. "Yana so ya sake ji."

"Na sani, Inna."

"Wurin da yayanku ya ɗiba, yana nan?"

"Yana nan."

"To ka ɗebo daga can."

 Ta gyara lulluɓinta, ba ta kalle ni ba.

"Ɗanlami, ni na haife ku, na san ku. Ranar da tsohon nan ya tofar da ƙasar nan, ranar gidana ya watse. Yayanku zai bi masu zinariya, Mamman zai bi matarsa. Ba zan sake ganin ku a kan akushi ɗaya ba sai dai a lahira. Ku dai taru a nan tukuna. In an taru, ko me ya faru ya same mu tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"In aka zuba irin gaba ɗaya ya mutu fa? Me 'ya'yan Yaya za su ci da rani?"

"Allah yana nan."

"Inna, Baba ba ya gani. Abin da na sa masa a hannu shi zai sa a baki."

"Na fi ka sanin ba ya gani," ta ce. "Ni nake jan sandarsa."

Ta tashi, don matan suna jiran ta a bakin hanya. Na raka ta har can. Ba ta sake tayar da maganar ba, ta dai ce in riƙa rufe garin dawa saboda ɓera.

Bayan tafiyarta na zauna da maganar nan har bazara, ba ni da wanda zan yi shawara da shi. Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Ni ne na fi kowa bukatar gidan nan ya taru. Su suna da mata da 'ya'ya, ni ba ni da kowa sai su. Nakan tsaya a kan tudu in tsara inda ɗakin Inna zai zauna, inda za a kafa rumbu, inda yara za su yi wasa, har in ji kamar ina jin hayaniyarsu. Na je wurin tokar nan ba sau ɗaya ba, har na taɓa cika 'yar jaka da ita. Amma in na tuna yadda Baba ke miƙo tafin hannu, ya buɗe shi ga duk wanda ke gabansa, sai in kasa. Kuma na ga abin da ƙasar ta yi wa kashin iri ƙarami. In aka kawo babban, aka kawo bakuna goma sha, aka bar Rafin Maje babu komawa, yunwa ce za ta watsa mu, kuma ta watsa mu da gaba. Haka na gani a lokacin. Ranar da zan tafi na zazzage jakar, na shiga tsakiyar fangali na haƙa kamu ɗaya na cika ta.

Na isa gida da la'asar. Aka taru a tsakar gida kamar wancan karo. Inna tana bakin murhu, ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai, ta mayar da idonta kan tukunya. Na durƙusa na zuba wa Baba ƙasar a hannu. Ya murza ya daɗe yana murzawa. Ya shinshina. Ya ɗora a harshe. Sannan ya juya gefe ya tofar, ya nemi buta ya kurkure baki.

"Daga ina ka ɗebo?"

"Daga tsakiyar fadamar, Baba. Kamu ɗaya."

"Ta Sule fa?"

"Ta sama ce, inda aka ƙona itace."

Yaya Sule ya miƙe zai yi magana, Baba ya ɗaga hannu. Na gaya musu komai, da ruwan rijiya, da kwalbar malamin gona, da maganar cewa toka tana gyara ta in an jure shekaru. Wannan ku riƙe shi da kyau: ban ɓoye maganar toka ba, a gaban kowa na faɗe ta.

"Shekaru," in ji Baba. "Ni ba ni da su. Kuma ba zan tara jikokina su zauna da yunwa ana ciyar da ƙasa toka ba." Sannan ya ce, "Na sallame ku. In an yi kaka a raba rumbu, kowa ya nemi inda zai ci."

Babu wanda ya yi kuka a wurin. Inna ta kwashe tuwo aka ci. Abin da ya fi damuna shi ne yadda Yaya Sule da Mamman ba su yi gardama ba ko kaɗan, kamar dama jira suke.

Da aka yi kaka aka raba. Yaya Sule ya tafi wurin zinariya, bai samu ba, ya zarce Kaduna, ya ƙare rayuwarsa yana dako. Mamman ya tafi wajen surukansa, inda aka ba shi 'yar fadamar da ba ta wuce ta mutum ɗaya ba, ya tafi da Baba da Inna. Baba bai ga damina ta biyu a can ba. Labarin ya iso ni bayan an yi sadakar bakwai. Ni kuwa na dawo nan, don ba ni da wani wurin, kuma nan ne ya fi kusa da inda aka binne Hajara. Rabona na iri na ba wani mai lambu a bayan gari ya riƙa juya mini shi don kada ya mutu. Na shuka rogo na ci. Sannan na fara bin gidajen gari da jaki da mangala ina roƙon toka. Mata suna leƙowa suna dariya, yara suna bina suna waƙar Ɗanlami mai toka. Na bi masu gasa tukwane, na bi maƙera, na bi masu tuyar ƙosai. Na roƙi Fulani su kwana da shanu a fadamar da rani. Duk shekara in malamin gona ya biyo sai mu ɗiga ruwan kwalba. Ja, ja, sannan wata shekara ya yi ruwan ɗorawa. A ɗaya daga cikin gidajen tokar nan na ga uwarku, ita ce ta fi kowa dariya, ita ce kuma ta fi kowa tara mini. Sai da babbanku ya fara tafiya sannan albasa ta yi kai a wannan lambu. Wanda ya zo bayan haka ya ga jar albasa jibge, ba laifinsa ba ne in ya ce ƙarya na yi wa Baba. Bai ga tokar ba, ta riga ta shige ƙasa.

Kwandon farko ban kai kasuwa ba. Na ɗaure shi na hau motar kaya zuwa wajen Mamman. Na sami Inna ta tsufa ƙwarai, tana zaune a ƙofar ɗan ɗakin da aka ba ta a gidan surukan ɗanta, inda ko wuta ba ta hurawa sai an kawo mata abinci. Muka gaisa, ta tambayi uwarku da yaro. Na kwance kwandon a gabanta. Ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta ɓare ɓawon da farce, ta shinshina.

"Irin Malam ce."

"Ita ce, Inna."

"A fadamar nan?"

"A can."

"Ashe tana gyaruwa."

"Tana gyaruwa, Inna. Amma ta ci shekaru."

"Kai kaɗai ne, shi ya sa ta ci shekaru," ta ce, ba da faɗa ba. "Da mu duka ne, da tokar murhuna ma tana ciki."

 Ta aika aka aro mata wuƙa, ta yanka albasar a kan abincin da aka kawo mata, muka ci tare. Washegari na kamo hanyar gida ni kaɗai.